Baƙon Malami da Takardar Izini: Darasin Samaru da Malumfashi a Zamanin Rufe Ƙofofi

Duk wanda ya tsaya a mararrabar Dayi cikin kwanakin kaka, inda hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Malumfashi ta haɗu da wadda ta fito daga Kano ta Gwarzo, zai ga manyan motoci shaƙe da buhunan masara da dawa da waken suya, 'yan dako suna kai da kawowa, dillalai kuma suna cusa hannu cikin buhu su damƙo ƙwaya, su murza, su duba cikarta da bushewarta kafin a sa baki a ciniki.

Da yawa daga cikin wannan hatsi ya fito ne daga ingantaccen iri irin su SAMMAZ da SAMSORG, waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta daɗe tana fitarwa. Amma ba kowane manomi ne ya san cewa harsashin wannan cibiya, da na asibitin da yake kai iyalinsa a Malumfashi, an kafa shi ne da hannun malamai 'yan ƙasa tare da baƙi waɗanda suka ƙetaro teku da takardar izini a aljihunsu ba.

Wannan takarda, wato bizar aiki, ita ce a yau ta zama abin jayayya a manyan ƙasashen duniya, inda hukumomi suke ƙuntata wa jami'o'i wajen ɗaukar malamai daga waje. Kuma ko da yake a zahiri mas'alar ta yi kama da rigimar mutanen nesa, alhali kuwa tana taɓa mu ta fuska biyu: ta fuskar 'ya'yanmu da suke neman aiki a can, da kuma ta fuskar baƙin da muka daina gani a nan.

Ƙofofin da ake turawa

A Amurka akwai wata biza da ake kira H-1B, wadda aka ƙirƙiro a 1990 domin ƙwararrun ma'aikata, a yanzu kuma an ƙayyade mata adadi na 85,000 a shekara. Sai dai tun 2000 aka cire jami'o'i daga wannan ƙayyadewa, don haka suna iya ɗaukar malami ko mai bincike daga ko'ina a duk lokacin da buƙata ta taso.

A watan Satumba na 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wata sanarwa wadda ta ɗora kuɗi dala 100,000 a kan kowace sabuwar takardar neman wannan biza ga wanda yake wajen ƙasar, kuɗin da in aka juya shi zuwa namu zai tasam ma naira miliyan 150. Bayan haka da wata guda Gwamnan Filorida, Ron DeSantis, ya umarci hukumar jami'o'in jiharsa da ta kawo ƙarshen dogaro da wannan biza, sa'an nan a farkon 2026 Gwamnan Tekzas, Greg Abbott, ya dakatar da neman sababbi a jami'o'in gwamnati da ma'aikatun jiharsa.

Ɗan Nijeriya kuwa nasa nauyin ya ninka, domin tun Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar da ake ba shi ta shiga sau ɗaya ta wata uku, daga baya kuma, a ƙarshen shekarar, aka saka Nijeriya cikin ƙasashen da aka dakatar musu da bizar ɗalibai da ta musayar masana, aka saka Nijar cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa baki ɗaya.

A Ingila ba a hana kai tsaye ba, sai aka ɗaga ma'auni. Mafi ƙarancin albashin da ake sharɗanta wa ƙwararren ma'aikaci ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, ya sake hawa zuwa 41,700 a Yulin 2025. Kuma ko da yake ana rangwanta wa masu digiri na uku da sababbin shiga, akwai harajin kula da lafiya na sama da fam 1,000 a shekara a kan kowane baligi, wanda mai mata da 'ya'ya zai tara ya biya tun kafin ya taka ƙasar.

Ba yau muka fara karɓar baƙi ba

Wanda ya san tarihin ƙasar Hausa ba zai yi mamakin ganin malami baƙo a kan buzu yana ba da karatu ba, domin rihla don neman ilimi da yaɗa shi tsohuwar sunna ce ta malamai, kuma da ita biranenmu suka yi suna. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya taso daga Tilimsan ya sauka Kano da Katsina, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha a kan sha'anin mulki. Ba da daɗewa ba kuma wani baƙon malamin, Aida Ahmad al-Tazakhti, ya zauna a Katsina har aka ba shi alƙalancin birnin.

Hanyar kuma ba mai zuwa kaɗai ba ce, akwai mai tafiya. Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine masanin hisabi da ilimin taurari, ya yi aikin hajji ya zarce Alƙahira, ya karantar a can, ya rasu a 1741 a gidan mahaifin mashahurin marubucin tarihin nan al-Jabarti. A wancan zamani abin da ake tambayar baƙo shi ne ijazarsa da silsilar malamansa, masaukinsa kuwa yana wuyan sarki da attajiran gari.

Da Turawa suka zo ma al'adar ba ta yanke ba, sai dai ta sake kama. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano da malamai Sudaniyawa, daga cikinta aka sami alƙalai da malamai irin su Shehu Abubakar Gumi, waɗanda daga bisani suka riƙe shari'a da karantarwa a Jihar Arewa.

Lokacin da duniya ta sauka a Malumfashi

Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Oktoban 1962, shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin Niyuzilan ne, kuma mafi yawan malamanta baƙi ne, domin a lokacin 'yan Arewa masu digiri ba su taka kara sun karya ba. Amma Sardauna da mutanensa ba su ɗauki wannan a matsayin zama na dindindin ba, shi ya sa a 1966 Ishaya Audu ya hau kujerar, aka ci gaba da tura matasa karatu domin su dawo su gaji gurabe.

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta ci moriyar wannan zamani fiye da yawancin wurare. Asibitin Malumfashi ya kasance ɗaya daga cikin rassan Asibitin Koyarwa na jami'ar, tare da na Zariya da na Kaduna, kuma cikin shekarun 1970 aka kafa wani aikin bincike na cututtukan da suka zaunu a yankin, na haɗin gwiwa tsakanin jami'ar da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful.

Ma'aikatan wannan aiki sun bi ƙauyuka gida gida suna ƙidayar mutane, suna karɓar fitsarin yara maza a kwalabe domin gano ƙwayayen tsargiya, suna ɗiban dodon koɗi a bakin madatsai da kududdufai inda yaran suke wanka, suna kuma rubuta labarin saran maciji da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau. Abin da suka wallafa da sunan Malumfashi har yau likitocin duniya suna komawa gare shi. A Zariya kuma, a wannan zamanin, Brian Greenwood da Hilton Whittle suka yi aikinsu a kan sanƙarau, David Warrell ya yi nasa a kan dafin kububuwa, dukkansu kuwa daga baya suka zama jigajigai a fannoninsu.

A ɓangaren noma, David Norman da abokan aikinsa a Samaru sun zauna da manoman ƙauyukan Zazzau suna auna gonaki da ƙidayar kwanakin aiki, har suka tabbatar wa masana cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda Turawan farko suka ɗauka jahilci ne, hikima ce ta kauce wa asara. Sa'an nan a 1975 Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya ba da rance aka yi shi, ya shigo da taki da sabon irin masara da hanyoyin karkara cikin Bakori da Faskari da Ƙanƙara da Malumfashi, ya mayar da masara daga abin gasawa a bayan gida zuwa amfanin sayarwa.

Mafi kyawun misali na abin da baƙo zai iya bari shi ne na Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, ya jagoranci Sashen Tarihi, ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya rasu a 1984. A hannunsa Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa maƙwabciyar Malumfashi, ya rubuta kundinsa a kan tarihin Katsina, shi ma ya yaye ɗaruruwan almajirai.

Yadda suka watse

Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, amma bushewar wannan raɓa ba ta rasa dalilai ba. Na farko shi ne kuɗi: da aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 naira ta faɗi, sai albashin da Ba'indiye ko Bafakistane ko Bamisire yake aika wa gida ya zama ba ya sayen ko tikitin jirgi, suka tattara littattafansu suka nufi ƙasashen Larabawa da kudancin Afirka. Kafin wannan, korar baƙi ta Janairun 1983 ta riga ta kwashe malaman Gana da yawa daga makarantunmu.

Na biyu shi ne siyasa, kuma a nan ne takardar izini ta nuna ɗaya fuskar tata. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kama Patrick Wilmot, ɗan Jamaika wanda ya yi kusan shekara 18 yana karantar da ilimin zamantakewa a Samaru kuma ba ya ɓoye sukarsa ga masu mulki, aka sa shi a jirgi zuwa Landan. Darasin da sauran baƙi suka ɗauka a fili yake, wato wanda zamansa ya rataya a kan tambarin wani ofis, harshensa ma a can ya rataya.

Na uku, wanda ya fi kusa da mu, shi ne tsaro. Tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, ga kuma hare-haren da ba su ƙare ba a dazuzzukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume, ofisoshin jakadanci suna gargaɗin mutanensu game da yankin, kamfanonin inshora kuma ba sa yarda su lamunce wa mai zuwa. Mai binciken da a da zai kwana a ƙauye da fitilar ƙwai, yanzu iyakarsa Abuja, ya aiko da takardar tambayoyi ta waya.

Abin da dokarmu take nema

Nijeriya ma tana da nata shingen. Bisa Dokar Shige da Fice ta 2015, ma'aikata mai zaman kanta da take son ɗaukar baƙo sai ta fara samun gurbi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, sa'an nan baƙon ya karɓi biza a ofishin jakadancinmu na ƙasarsa, in ya iso kuma a daidaita zamansa a ba shi katin CERPAC, wanda a wajen 2019 kuɗinsa ya kai dala 2,000 a shekara. Daga cikin sharuɗɗan gurbin akwai cewa a haɗa baƙon da 'yan ƙasa waɗanda za su koyi aikin su gaje shi.

A Fabrairun 2024 gwamnati ta ƙaddamar da wani haraji na dala 10,000 zuwa 15,000 a shekara a kan kowane baƙon ma'aikaci, amma kukan 'yan kasuwa da masu masana'antu ya sa aka dakatar da shi cikin 'yan makonni. Ga jami'o'in tarayya kuwa, babban cikas ya zo ta wata hanyar dabam: tsarin biyan albashi na IPPIS, wanda ƙungiyar ASUU ta yi ta ƙorafin cewa bai tanadi wurin malaman kwantiragi da masu ziyara ba, har sai da aka amince a cire jami'o'i daga cikinsa a Disambar 2023.

Amma bilhaƙƙi, ko da an buɗe ƙofar ta yi wayam, wa zai shigo? Albashin farfesa bisa yarjejeniyar 2009 ya ɗan haura naira 400,000 a wata, lokacin da dala take wajen naira 150. Da dala ta kai wajen 1,500, ƙarin da aka yi bai kama ƙafar faɗuwar ba. Ƙara da yajin aiki irin na wata takwas a 2022, sai ka ga cewa takarda ita ce ƙaramin abin da yake hana baƙo zuwa Dutsinma ko Katsina ko Samaru.

Hujjojin ɓangarori

Masu goyon bayan ƙuntatawa, a can da nan, hujjarsu ɗaya ce kuma ba abin rainawa ba ce. Suna cewa jami'ar da aka gina da harajin talakawa, haƙƙin 'ya'yan talakawan ne su fara samun aiki a cikinta; kuma sau da yawa ba ƙarancin ƙwararru ne yake sa a ɗauko baƙo ba, sai don ya fi arha ko ya fi sauƙin juyawa, tun da ba shi da bakin yin gardama. A wurinmu ma akwai matasa masu digiri na uku da suke yawo da takardu daga wannan jami'a zuwa waccan, kuma zai yi wuya ka gamsar da su cewa maslaharsu tana cikin ɗauko wani daga waje ana biyansa da dala.

Shugabannin jami'o'i kuwa suna amsawa da cewa fannoni ba ɗaya suke ba. Mai yiwuwa a sami masu neman gurbi goma a wani sashe, alhali a sashen tiyatar ƙwaƙwalwa ko kimiyyar ƙwayoyin halittar tsirrai ba a sami ko ɗaya wanda zai duba kundin ɗalibi ba. Kuma jami'ar da ta zama malamanta duk almajiran juna ne, 'yan gari ɗaya masu ra'ayi ɗaya, ba ta daɗewa sai tunaninta ya tsaya cik, domin babu wanda zai zo da wata mahanga ya tayar da muhawara.

Akwai kuma masu ganin alheri cikin rufe ƙofofin Turai da Amurka, suna fatan hakan zai tilasta wa masananmu su dawo gida. Wannan fata ne mai daɗin ji, amma hujjarsa ba ta da ƙarfi, domin wanda aka hana shiga Tekzas ba lalle ne ya nufo Zariya ba, ga Saudiyya da Ƙatar da Maleshiya da Ruwanda suna neman irinsa. Mutum yana dawowa ne in ya ga ɗakin gwaje-gwaje mai wuta da ruwa, da albashin da zai riƙe gida, da hanyar da zai bi ba da fargaba ba.

Inda maslaha take

Idan aka auna tarihin nan da adalci, za a ga cewa amfanin baƙon malami bai taɓa zama cikin yawansu ba, yana cikin abin da suka bari bayan tafiyarsu. Sudaniyawan Kano sun bar alƙalai, Abdullahi Smith ya bar masana tarihi, masu kiwon iri na Samaru sun bar 'yan ƙasa da har yanzu suke fitar da sabon iri. Inda kuwa aka kawo baƙi suka yi aiki su kaɗai, suka tattara bayanansu suka tafi da su, to abin da ya rage sai gine-gine da suna a mujallun waje.

Saboda haka abin da ya kamaci hukumominmu ba rufe ƙofa ba ne, ba kuma sakinta ba ƙaidi ba. Ya kamata a bambanta malamin jami'a da ma'aikacin kamfanin mai wajen kuɗin takardu. A bar majalisar kowace jami'a ta tantance fannonin da take da gibi. A kuma mayar da sharaɗin horar da magaji ya zama abin da ake bincikawa da gaske, ta yadda ba za a sabunta izinin baƙo ba sai an ga ɗaliban da ya yaye da kuma kwafin bayanan bincikensa a ɗakin karatu na jami'ar.

Haka nan bai kamata idonmu ya tsaya a kan Turai kaɗai ba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana fama da irin ƙasarmu da irin damunarmu da irin ƙwarinmu, malamanta suna jin harshen manomanmu, kuma tafiyar yini ɗaya ce tsakaninmu. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 dalili ne na a gaggauta ƙulla yarjejeniyar musayar malamai tsakanin jami'o'in Katsina da na can, kafin takardu su yi tsauri. Mu ma fa muna aika malamai zuwa Yuganda da Gambiya ta shirin agajin ƙwararru da aka kafa a 1987, mun kuwa san yadda muke so a karɓe su.

Ga 'ya'yanmu da suke waje kuma, ba sai sun tattaro gaba ɗaya ba. Wanda ya zo hutun wata uku ya karantar, ko ya duba kundin ɗalibi daga inda yake, ya riga ya biya wani abu daga bashin da ƙasarsa take binsa, kuma shi ba ya buƙatar biza ko gurbi. Abin da yake buƙata shi ne jami'ar da za ta amsa wasiƙarsa a kan lokaci, ta ba shi masauki da aji, ta kuma biya shi haƙƙinsa ba tare da ya yi shekara yana bin fayil daga ofis zuwa ofis ba. Wannan kuwa ba a hannun Washintan ko Landan yake ba, a hannunmu yake.